Gogewa Ba Ta Ƙirga Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu masu karatun aikin lafiya, daga makarantun jinya na Kano da Katsina da Maraɗi har zuwa nan Greensboro ta jihar North Carolina, inda 'yan Nijar da 'yan Najeriya da dama ke cin abinci da aikin kula da marasa lafiya. Wai bincike na farfesoshi ne. Kai dai ka iya allura, ka iya ƙarin ruwa, ka haddace abin da za a tambaye ka, ka karɓi lasisinka, sauran gogewa ce za ta koya maka. Darasin dabarun bincike kuwa cikon benci ne a manhaja, a lallaɓa a haye shi a manta.

Wannan magana kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke cin rai. Ba sai na je da nisa neman hujja ba, tana cikin garin nan.

Har zuwa farkon shekarun 1960, manyan asibitocin Greensboro biyu, Moses Cone da Wesley Long, ba sa barin likita baƙar fata ya yi aiki a cikinsu, alhali da kuɗin gwamnatin tarayya aka tallafa wa gine-ginensu. Wani likitan haƙori, George Simkins, ya jagoranci likitoci da majinyata baƙaƙe suka shigar da ƙara, a 1963 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Hukuncin ya zama tsani na buɗe ƙofofin asibitoci a kudancin Amurka. A 2016 ma hukumar Cone Health, mai tafiyar da asibitocin biyu, ta fito fili ta nemi gafarar Dakta Alvin Blount, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin masu ƙarar. To, ƙofa ta buɗu, kowa na shiga. Da za ka tsayar da likita ko nas a sashen masu ciwon daji shekara arba'in bayan hukuncin ka tambaye shi ko ana bambanta majinyata, zai rantse maka ba a yi, kuma ba ƙarya yake ba, don iyakar abin da idonsa ya nuna masa ke nan.

Sai aka ƙirga. A 2003 mutanen gari da malaman jami'a da ma'aikatan asibiti suka haɗu suka kafa wata ƙungiya, Greensboro Health Disparities Collaborative, don bin diddigin bambancin da ake samu a harkar lafiya. Daga ƙarshe suka haɗa hannu da jami'ar North Carolina ta Chapel Hill da cibiyar ciwon daji ta Cone Health da wata cibiyar a Pittsburgh, suka gudanar da binciken da aka sani da ACCURE. Da aka koma cikin bayanan masu sankarar mama da sankarar huhu da aka gano da wuri, wato waɗanda magani zai iya cetowa, sai aka tarar kashi 87.3 cikin ɗari na farare sun kammala magani, baƙaƙe kuwa kashi 79.8 ne. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, injin gashi ɗaya.

Yaya aka yi ƙwararru masu shekaru a bakin aiki ba su ga wannan giɓi ba? Amsar ita ce ginshiƙin duk abin da nake son faɗa. Ma'aikacin lafiya wanda ke gabansa yake gani. Matar da ta zo gashi ranar Litinin, ta sake zuwa ranar Talata, ya san fuskarta, ya san sunan jikarta, ta shiga cikin gogewarsa. Wadda ta zo sau uku ta daina fa? Babu wani gado da ya yi kuka don ba ta zo ba. Kujerarta wata ce ta zauna a kai, layi ya ci gaba. Gogewa daga waɗanda suka dawo ake tara ta, shi ya sa duk tsawonta ba ta iya gaya maka adadin waɗanda suka ɓace a hanya. Wannan sai alƙalami da lissafi, sai mutumin da aka koya wa ya tambaya: cikin mutum nawa?

Maganin da masu ACCURE suka kawo bai ƙunshi sabuwar ƙwaya ko sabon inji ba. An saita kwamfuta ta riƙa jan hankali duk lokacin da majinyaci ya tsallake ranar zuwansa ko aka wuce lokacin da ya kamata a yi masa tiyata. An ware nas ta musamman mai bibiya, ta kira shi, ta ji abin da ya tare shi, ko abin hawa ne, ko tsoro, ko bayanin likita ne bai shige shi ba. Sannan ana kawo wa ma'aikata alƙaluman aikinsu a rarrabe, ga na farare ga na baƙaƙe, kowa ya gani da idonsa. A rukunin majinyata 302 da aka bi da wannan tsari, farare kashi 89.5 suka kammala magani, baƙaƙe kashi 88.4. Giɓin ya kusa shafewa, fararen ma sun ƙaru. A lura da wanda ke tsakiyar aikin: nas ce, irin wadda ake ce wa bincike ba nata ba ne.

Mai ilimin bincike ba zai tafa hannu nan take ba, zai ce, to in dama can abubuwa na gyaruwa da kansu fa? Masu binciken sun yi wa wannan tambaya tanadi. Sun duba wasu majinyatan da aka yi wa magani a daidai wannan lokaci amma ba a sa su cikin tsarin ba, suka ga baƙaƙe kashi 83.1, farare kashi 90.1. Wato an ɗan samu ci gaba, amma giɓin na nan daram inda ba a taɓa ba. Zai kuma ƙara da cewa mutum 302 a cibiyoyi biyu ba su isa a yanke wa duniya hukunci ba, kuma gaskiyarsa. Iya yin waɗannan tambayoyi shi ne darasin da ake rainawa. Ba ya buƙatar digirin digirgir. Yana buƙatar a zaunar da ɗalibi a nuna masa dalilin da ya sa ba a yarda da sakamako sai an san da wa aka kwatanta.

Ga wani misali da ya shafi fatar jikinmu. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin, babu nas ɗin da ba ta taɓa ta sau da yawa a kowace rana. A Disambar 2020 likitocin jami'ar Michigan suka wallafa cewa sun kwatanta abin da na'urar ke nunawa da abin da gwajin jini ya nuna. A lokutan da ta nuna 92 zuwa 96, wato babu tashin hankali, an tarar iskar jinin ta faɗi ƙasa da 88 a kashi 11.7 na awon baƙaƙe, a na farare kuwa kashi 3.6. Sama da ninki uku. Tun 1990 wasu masu bincike suka yi nuni da matsalar, amma takardar ta kwanta a mujalla shekara talatin, ana ta maƙala na'ura ana rubuta lamba. Ki duba, 'yar'uwa mai aikin dare: dattijo baƙar fata na kwance yana haki, leɓɓansa sun bushe, yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, na'ura kuma ta ce 94. In kin san wancan bincike za ki kira likita ki nemi a ɗebi jini. In ba ki sani ba za ki rubuta 94 ki ja masa bargo. Shekarunki a aiki ba za su raba miki gardamar ba, domin na'urar ba ta taɓa gaya miki ta yi kuskure ba.

Kada wani ya ce wannan zancen ƙasar masu kwamfuta ne. A 2010 yara suka yi ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Jijjiga a ƙasarmu, hannu zai fara kaiwa ga maganin zazzaɓin cizon sauro ko na sanƙarau, abin da gogewa ta koyar ke nan, kuma galibi daidai ne. Wannan karon maganin bai ci ba. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura mace-macen sun wuce ƙima kuma sun taru a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce. Da aka bi gida gida a ƙauyuka biyu, an tarar yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda, ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da suka mutu ta haura 400. Tambayoyin da suka tona asirin, nawa ne, a ina, me ya haɗa su, suna cikin makon farko na darasin da ɗalibanmu ke gudu.

Na san akwai masu ƙyamar kalmar bincike don wani dalili mai nauyi. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Tsoron yana da tushe. Amma wa zai tsaya tsakanin uwa da takardar da ba ta iya karantawa ba, in ba ma'aikacin ɗakin da ya san ƙa'idar neman yarda, ya san dole a ga amincewar kwamitin ɗa'a kafin a taɓa yaro? Jahilcin ma'aikata game da bincike baƙo yake yi wa amfani.

Sai dai laifin raina darasin nan ba na ɗalibai ba ne su kaɗai. Yadda ake koyar da shi a makarantu da yawa na gida abin takaici ne. An mayar da shi al'adar babi biyar: babi na ɗaya gabatarwa, babi na biyu a kwafo maganar wasu, a raba takardar tambayoyi ɗari, a zana jadawali, a ɗaure da baƙin bango a ajiye a kabad ƙura ta rufe. Kowa ya san shagunan bakin makaranta inda ake sayar da furojet ɗin bara, a canza suna da gari. Na taɓa buɗe irin wannan kundi na ga sunan wani gari a bango, sunan wani garin daban a shafukan ciki, an kuma sa masa hannu an ba shi maki. Ɗalibin da ya ga haka, don me zai yarda bincike na da alaƙa da ran mutum? A nan Amurka cutar ta sake kama ce kawai: a biya kuɗin manhajar tambayoyi, a haddace amsoshin jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX, darasin hujjar bincike kuma a yi shi da rabin ido.

Abin ya taɓa har yadda muke karatun kansa. Ka shiga gidan 'yar'uwarmu mai shirin jarrabawa, za ka ga littafi kamar bulo a kan teburin cin abinci, an shafe shafukan da alƙalami mai ruwan ɗorawa har babu farin wuri, ga kofin shayi ya huce, ita kuma tana maimaita babi guda karo na ba adadi bayan ta kwana tsaye. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tace binciken da aka yi kan dabarun karatu guda 10. Shafa launi da maimaita karantawa suna cikin masu ƙarancin amfani. Biyu suka yi zarra: mutum ya rufe littafi ya yi wa kansa tambaya, da kuma rarraba bita a kan kwanaki a maimakon dannawa dare ɗaya. Almajiri ya riga mu sanin wannan, don ba a barinsa ya wanke allo sai ya kifa shi ya kawo karatun da ka, gobe kuma a yi tishi. Wanda ya ce ba shi da lokacin sanin bincike, ga bincike na nuna masa inda lokacinsa ke zubewa.

Kuma na yarda lokacin ƙalilan ne. Mai aikin awa 12, ga yara, ga haya, ga 'yan gida na jiran aike, ba zan ce masa ya zauna ya koyi lissafin manyan masana ba. Abin da ake buƙata bai kai nan ba: ya iya karanta taƙaitaccen bayanin takarda ya gane mutum nawa aka bincika da kuma wanda ya biya kuɗin aikin, ya san cewa mutum goma da suka sha magani suka warke ba hujja ba ne sai an san abin da ya faru da goman da ba su sha ba. Da wannan kaɗai zai iya tare saƙonnin WhatsApp da dangi ke turo masa suna cewa, kai ne ma'aikacin lafiya, gaskiya ne?

Ga hukumomin da ke tsara manhajar jinya da ungozoma a Najeriya da Nijar, da shugabannin makarantu, buƙatata ɗaya ce. A sauke furojet mai babi biyar, a tura kowane ɗalibi asibitin da yake koyon aiki ya ɗauki rajistar awon ciki ko ta masu tarin fuka ko ta rigakafi, babban littafin nan mai yagaggen bango da ke kan teburin malamar asibiti. Ya ƙirga mutum nawa suka fara a watanni shida, nawa suka kammala, waɗanda suka daina daga wace unguwa suke. Ya bi goma daga cikinsu har gida, da izininsu, ya ji dalili. Ya rubuta shafi biyar, ya karanta a gaban ma'aikatan asibitin da mai unguwa, a ba shi maki a kan wannan. Ɗalibin shekara mai zuwa kuma ya koma kan rajistar ya duba ko adadin ya motsa.