Kamun Kifin Da Ba A Ci, Da Hirar Da Fada Ba Ta Yi

A watan jiya wani tsohon abokina Ba'amurke ya aiko mini da wata takarda ta WhatsApp. Mun saba ne tun yana aikin sa-kai da ƙungiyar Peace Corps a ƙauyen da aka fara tura ni koyarwa, kafin su kwashe mutanensu daga Nijar a farkon 2011. Hausarsa ba ta mutu ba har yanzu, ko da yake ta rame. Takardar shafi 3 ce, tsarin wata tafiya da shi da abokansa, su maza 10, za su yi zuwa bakin wani kogi a jihar Montana, daga yammacin Juma'a zuwa azahar ɗin Lahadi, don kamun kifi. An rubuta wanda zai tuƙa mota, da wanda zai dafa abincin kowane dare, da kuɗin da kowa zai biya da ranar biya, da wanda zai riƙe akwatin magani, har da lokacin da kowa zai kashe salularsa. A can ƙasa kuma aka ce duk kifin da aka kama za a mayar da shi ruwa da ransa.

Na karanta wa ƴan fadarmu ita a daren nan. Aka yi ta dariya har shayi ya kusa ƙonewa. Wani ya ce, "Mushe, waɗannan mutane ƙoshi ne ya yi musu yawa." Ni ma na yi dariyar. Amma takardar ta ƙi barina, kuma yau ina so in faɗa wa ƴan'uwana malamai da iyaye dalilin da ya sa na daina yi mata dariya.

Bari in fara da kamun kifin kansa, don ba irin wanda muka sani ba ne. Mu idan za mu jefa fatsa sai mu soka tana ko ɗan ƙullin tuwo a ƙugiya, mu jefa, mu zauna jira. Su kuwa ƙwaron ƙarya suke ɗaurawa a jikin ƙugiyar, da gashin tsuntsu da zare, ya yi kama da ƙananan ƙwarin da ke sauka a kan ruwa. Ƙwaron nan ba shi da nauyin da za a wurga shi, saboda haka igiyar ce aka yi mai nauyi. Mutum zai shiga ruwa har gwiwa ko ƙugu da wata doguwar sanda mai lanƙwasa, kusan mita 3, yana kaɗa igiyar gaba da baya a iska har ta miƙe, sannan ya sauke ƙwaron a hankali inda yake zaton kifi na kwance. Kifin da aka fi nema wani ne na ruwan sanyi da suke kira tirawut, mai wayon tsiya: in ƙwaron bai yi kama da wanda ke tashi a wannan ranar ba, ko kallonsa ba zai yi ba. Kuma ba a shiga ruwan haka kawai. Kowa sai ya yanki takardar izini, kuma a Montana idan zafin ruwan kogi ya kai wajen digiri 23 kwana 3 a jere, hukuma na iya hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, don kifin da aka wahalar cikin ruwa mai ɗumi ko an sake shi mutuwa yake yi.

Wanda ya ce wannan wasan masu hali ne bai yi ƙarya ba. Kayan na da tsada, kuma a ƙasar da uba ke lissafin tiyar hatsi kafin albashi ya fito, a kama kifi a sake shi abu ne da hankali ba ya ɗauka. Ba na kiran kowa ya sayi sandar nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran takardar.

Ga dalili. Akwai wani malami da muka yi shekara 6 muna zama fada ɗaya. Ɗan kwantiragi ne, mai barkwanci, shi ke raba shayi kullum. Wata rana ya zo a ƙafa, ya ce babur ɗinsa na wurin gyara. Aka yi wata 2 babur bai fito daga gyara ba, muka mai da abin ba'a. Ranar wata Litinin sai aka wayi gari ajinsa ba malami. Daga baya muka ji cewa babur ɗin sayar da shi ya yi don jinyar matarsa, bashi ya kai masa wuya, ya rasa wanda zai faɗa wa, ya bi motar masu haƙar zinariya ya yi arewa. Yaran ajinsa sun yi makonni ana raba su cikin azuzuwanmu da suka riga suka cika. Mu 12 muke zama da shi kowane dare. Da ya buɗe baki, wallahi da mun haɗa abin da zai tsayar da shi, ko da ba zai warware masa duka ba. Ba mu sani ba.

Kada a ji ni ba daidai ba, ba sukar fada nake yi ba. Fada ce ke tashi tsaye ranar suna da ranar rasuwa, ita ke tsare unguwa da dare, kuma ni kaina rabin abin da na sani na duniya a can na ji shi. Amma fada ba ta da ƙofa. Kowa na iya tsayawa ya gaisa ya zauna, ƙanen wani na nan yana hura gawayi, uban ɗalibinka na wucewa. Magana a fada ta mai baki ce, kuma ladanta dariya. Wane magidanci ne zai ce a irin wannan wuri, "Jama'a, yau kwana 3 ba na barci"? Kafin ya rufe baki an mai da shi abin tsokana, gobe kuma labarin ya isa gidan surukansa. Tun muna yara aka koya mana namiji shi ne mai haɗiye abu, muka haɗiye har ya zame mana ɗabi'a.

To, da na koma na sake karanta takardar abokina, sai na ga kusan kowane layi a cikinta an rubuta shi ne don toshe ɗaya daga cikin waɗannan ɓarakoki. Mutum 10 ne, ba a ƙara ko ɗaya, kuma ba mai zuwa da baƙo. An raba su bibbiyu, wanda ya iya da wanda bai iya ba, su wuni tare a gefe ɗaya na kogin. Wannan na fi so duka. Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san yaron da ya yi laifi ba ya magana in ka zaunar da shi gabanka kana kallon ƙwayar idonsa. Amma ka ce ya taya ka ɗaukar littattafai zuwa ofishin darakta, kuna tafe kowa na kallon gabansa, sai ka ji ya fara da kansa. Manya ma haka suke. Mutum biyu a cikin ruwa, hannu na aiki, ido na kan igiya, shiru ba ya zama abin kunya, kuma in magana ta zo ba sai an haɗa ido ba. Da dare kuma akwai zama ɗaya na awa ɗaya, da tambaya guda da aka aika wa kowa tun kafin tafiya. Mutum ɗaya ke magana, ba a katse shi, ba a yi masa nasiha sai in ya nema, wanda ba ya so ya ce a wuce shi. Abin da aka faɗa kuma a bakin kogin yake kwana.

Ba su kaɗai suka gano wannan ba. A Amurka akwai ƙungiya mai suna Reel Recovery, da aka kafa a 2003, wadda ke kai maza masu fama da ciwon daji irin wannan tafiya kyauta, kowane maras lafiya da gwanin kamun kifi ɗaya a gefensa, ana kuma zaman tattaunawa ƙarƙashin jagorancin wanda ya san aikin. Akwai Project Healing Waters, da ta fara a 2005 a asibitin sojoji na Walter Reed, da sojojin da suka dawo da raunuka daga Iraƙi da Afganistan.

Amma kada wani ya ɗauka ruwa ne ke da sihirin kwance harshe. Littafin da ya fi shahara a kan wannan kamun kifi, A River Runs Through It na Norman Maclean, wanda ya fito a 1976 aka kuma yi fim ɗinsa a 1992, labarin wa ne da ƙanensa, ƴaƴan wani fasto a Montana ɗin nan. Sun yi ta kamun kifi tare, ƙanen gwani ne na gaske, amma caca da giya na cinsa, wan yana gani ya kasa samun hanyar taimakonsa, har aka kashe shi. Ashe ana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa cikin kogi shekara da shekaru ba a faɗi komai ba, kamar yadda muka yi da abokinmu a kan tabarma. Shi ya sa na ce tsarin ne ke da muhimmanci. In ba a keɓe lokaci aka ce yanzu na magana ne ba, aka kuma kafa dokar da za ta kare mai maganar, to an kwashi fada ne kawai an kai ta bakin ruwa.

Maganar kuɗi ma haka. Su sun yanke adadi ɗaya, kowa ya biya wata guda kafin tafiya, kuma akwai ɗan abin da aka ajiye a hannun mutum ɗaya don wanda bai samu ba, ba tare da sauran sun san ko wane ne ba. Mu kuwa mun saba da "a je kawai, Allah zai rufa asiri". Ƙarshenta mai hali ya biya wa kowa ya zama uban tafiya, maras hali kuma ya ce yana da uzuri. Kuma shi wannan mai uzurin, sau da yawa, shi ne wanda aka fi bukatar ya zo.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi nawa ba a fada na ji ta ba, a gida na ji ta. Da na kawo wa maiɗakina maganar, sai ta ce, "Malam, kullum dare kana waje har yara su yi barci, yanzu kuma kwana 2 za ka ƙaro? Ni wa ya taɓa tsara mini hutu?" Ban sami amsa ba a lokacin, don gaskiya ta faɗa. Namijin da zai je bakin ruwa ya zazzage wa abokansa cikinsa, ya dawo gida ya ci gaba da yi wa matarsa shiru, bai yi komai ba sai yawon shan iska. Abin da muka daidaita a kai shi ne, kwana 2 ɗin nan daga lokacin fada za a cire su: makon da zan tafi da wanda ke biye, ba ni ba fita bayan isha'i. Zan bar cefane cikakke. Kuma in ita da ƙawayenta suka shirya tasu, ni ne mai tsaron yara, ba gardama. Duk wanda ba zai iya ɗaukar irin wannan alkawari a gidansa ba, a ganina ya haƙura da tafiyar.

Yanzu dai mu 8 ne muka amince, malamai 5 da iyayen yara 3. Mun zaɓi tafkin Madarumfa, tunda daga Maraɗi ba nisa, a cikin hutun ƙarshen Disamba, daga bayan sallar Juma'a zuwa azahar ɗin Lahadi. Kowa na zuba jika 2 a wata a hannun mutum ɗaya. Ba za mu kwana a bakin ruwa ba. Kowa ya san halin tsaro a yankin da ke kusa da iyaka, don haka a cikin gari za mu sauka, gidan wani abokin aiki, mu sanar da hukuma zuwanmu, kuma in aka ce mana lokacin bai dace ba mu ɗaga. Ba kuma za mu tsaya cikin ruwa har ƙugu irin na mutanen Montana ba. Nasu ruwan sanyi ne mai gudu, namu kwantacce ne, kuma mu da ke koya wa yara yadda ake kamuwa da tsargiya bai kamata mu dawo da ita gida ba. Za mu nemi izinin Sarkin Ruwa, mu tambayi ma'aikatan gandun daji abin da doka ta ce, mu biya masunta biyu ladan wuninsu su koya mana. Tafkin nan abincin wasu ne, ba mu da hurumin zuwa mu tsaya musu a hanya. Lokutan salla na cikin takardar. Salula za ta kwana a jaka ɗaya, sai guda da za a bari a kunne saboda gida. Tarwaɗa ko karfasar da Allah ya ba mu kuwa, a yi haƙuri, ba za ta koma ruwa ba, yaji na jiranta.

Abu biyu ne ba mu gama ba. Na farko tambayar daren Asabar. Na kawo shawarar a ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ke hana shi barci a bana, wasu suka ce ta yi nauyi ga karon farko, a fara da abin da kowa ke tunawa game da mahaifinsa. Har yanzu ana ja. Na biyu shi ne gurbi na 9, wanda muka bari ba mu cike ba. Na kira abokinmu da ke arewa sau 4 kafin rezo ya haɗa mu. Na faɗa masa tsarin, na ce kuɗinsa an riga an zuba. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya tambaye ni wa ke raba shayi a fada yanzu. Na faɗa masa. Ya ce wannan ai bai iya ba, sukari yake cikawa. Ya ce zai duba in akwai motar da za ta sauko kafin ƙarshen Disamba.