Idan Naƙuda Ta Gardama Ƙarfe Biyun Dare A Zurmi

'Yan uwa, mu 'yan siyasa mun saba auna asibiti da fenti da sabon kwano. Ni tambayata ɗaya ce: idan naƙuda ta gardama wa mace a Zurmi ko Shinkafi ƙarfe biyun dare, za a yi mata tiyata a garin, ko sai an ce "ku wuce Gusau"?

Kowa ya san hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura Namoda ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Tura mai zubar jini kan wannan hanya, wallahi, kasada ce da rai biyu.

A 2015 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce ya kamata mutum ya isa, cikin awa 2, asibitin da zai iya aiki uku: ciro jariri ta tiyata, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya huda fata. Mai raunin harsashi ma irin wannan asibiti yake buƙata.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a Janairun 2024. Madalla. Amma ɗakin tiyata sai da likita mai kwana a garin, da mai sa barci, da jini a firji, da wutar sola.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, namu ne ko na wasu, ya faɗa mana likitoci nawa zai ajiye a manyan asibitocin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi, kuma nawa zai biya su su zauna. Mu rubuta amsarsa mu ajiye.