Gidan da Malcolm ya tashi, da yaran Rusairis

Idan hira ta kai kan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, mutane kan rabu biyu: masu son Martin Luther King don haƙurinsa, da masu son Malcolm X don zafinsa. Ni kuwa gidan da kowannensu ya tashi nake fara dubawa.

An haifi King a Atlanta a 1929, cikin rufin asiri. Ubansa ne limamin cocin Ebenezer, kakansa na wajen uwa ma ya riƙe cocin. Yana ɗan shekara 15 ya shiga kwalejin Morehouse. Yaron da ya buɗi ido ya ga ana girmama ubansa, ba wuya ya yarda cewa zuciyar azzalumi tana iya yin laushi.

Shi ma Malcolm ɗan mai wa'azi ne, amma wutar da ya sha daban ce. A 1929 gidansu ya ƙone ƙurmus a Lansing. A 1931 aka tsinci ubansa kan layin tarago, rai a hannun Allah, kuma iyalin sun tafi a kan cewa Turawa masu ƙin baƙar fata ne suka kashe shi. Uwar ta samu taɓin hankali, hukuma ta rarraba yaran gidajen riƙo, shi kuma ya faɗa bariki har ya ƙare a kurkuku a 1946. Can ƙungiyar Nation of Islam ta same shi, ta ba shi tarbiyya da mutunci, ta haɗa masa da ƙin farar fata. Hajjin 1964 ne ya warware wannan ƙulli. Sudan ma tana da hannu a labarinsa: ya ziyarce ta a 1959, kuma malami ɗan Sudan, Shehu Ahmad Hassun, shi ya yi masa wanka da aka kashe shi a 1965.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne yaranmu na Sudan. Waɗanda suka ga an cinna wa gidajensu wuta a rikicin Rusairis na Yulin 2022, da waɗanda yaƙi ya kora daga ƙauyukan Jazira bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023, ƙuruciyar Malcolm suke yi. Wani zai riƙe hannunsu, ko malamin halwa, wato makarantar allo, ko mai raba bindiga. Malcolm bai samu malaman da suka kwantar masa da rai ba sai yana dab da arba'in, aka harbe shi yana da 39. Yawancin yaran nan ko balaga ba su yi ba, kuma halwowi da yawa a watse suke.