Ranar Biki Ma Ranar Darasi Ce

A birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin akwai makarantun firamare da ke koyarwa da harsuna biyu, wato Sinanci da Turanci, kuma wasunsu sukan karɓi ɗalibai daga ƙasashen waje waɗanda ke gwajin aikin koyarwa. Sau da yawa irin wannan baƙo yakan ɗauki ranar biki a matsayin ranar hutawa da ɗaukar hoto. A ganina wannan asara ce, domin babu ranar da ke bayyana matsayin kowane harshe a makaranta kamar ranar biki.

Wanda ya zo a zangon farko na shekarar karatu zai tarar da bikin tsakiyar kaka, wanda ake yi ranar 15 ga wata na 8 na kalandar gargajiya, kuma tun shekarar 2008 ya shiga cikin ranakun hutu na ƙasa. Yara sukan haɗa fitilun takarda, su ci waina mai siffar wata. A wasu makarantun kuma malaman Turanci sukan shirya wasanni na Kirsimeti a watan Disamba. Shi kuwa bikin bazara yana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin da makarantu ke hutu, don haka abin da baƙo zai gani a aji shirye-shirye ne kawai. Ainihin bikin yana gida da kasuwannin furanni da Guangzhou ta yi suna da su, inda iyalai ke sayen ƙananan itatuwan lemo don fatan arziki.

Abin da ya kamata mai gwajin koyarwa ya sa wa ido shi ne: da wane harshe ake gudanar da kowane biki? Hanya mafi sauƙi ga makaranta ita ce ta raba aiki, bikin waje da Turanci, bikin gida da Sinanci. Illar wannan rabo ita ce yaro zai tashi yana iya bayanin bishiyar Kirsimeti da Turanci mai kyau, amma idan baƙo ya tambaye shi dalilin da ya sa dangi ke taruwa a daren cikar wata, sai baki ya mutu. Yaron da aka koya wa harshe na biyu don ya yi zancen al'adun wasu kaɗai, an ba shi rabin harshe ne. Amfanin harshe na biyu yana cika ne ranar da mutum ya iya gabatar da gidansu da shi.

Akwai kuma harshe na uku da ba ya cikin jadawalin darussa. Harshen gida na 'yan asalin Guangzhou shi ne harshen Kanton, wanda ya sha bamban da daidaitaccen Sinancin da ake koyarwa da shi. Mutanen birnin suna kishinsa ƙwarai, har sun fito kan titi a watan Yulin 2010 sa'ad da aka ba da shawarar rage shi a talabijin. Da wannan harshe ne kakanni da yawa ke sa wa jikoki albarka, da shi ake kiran jan ambulan na kuɗin da ake ba yara "lai si", kwatankwacin goron sallah a ƙasar Hausa. Baƙo mai lura zai saurara ya ji ko wannan harshe yana samun wuri a dandalin biki, ko kuwa a bakin ƙofa ake barin sa. Haka nan zai tuna cewa birnin yana da Musulmi tun da daɗewa, ga masallacin Huaisheng shaida, ga kuma 'yan kasuwar Afirka a unguwar Xiaobei. Idan akwai ɗansu a aji, shin an taɓa tambayarsa yadda suke sallah?

Wani zai ce baƙon 'yan makonni ba shi da hurumin yanke wa makaranta hukunci. Wannan gaskiya ne, kuma ba hukunci ake nema daga gare shi ba. Aikinsa ya tambaya, ya saurara, sa'an nan idan aka ba shi aji ya bar yara su koya masa bikinsu da harshen da ya zo koya musu. A nan ne yaro mai jin kunyar Turanci yakan buɗe baki, domin abin da ake magana a kai ya fi malamin saninsa.

Wannan batu ya shafe ku, masu koyon Hausa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya bikin bazara na Sin da hawan sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama a zama guda. Idan kun je Kano mai yiwuwa ku kalli hawan daushe, a watan azumi kuma ku ga yara suna tashe. Amma Bahaushe ba ya barin baƙo da kallo kawai, sai ya tambaye shi, "Ku fa, yaya kuke yin naku?" Ku tanadi amsar wannan tambaya da Hausa tun kafin ku tashi daga gida.