Aikin bankin zuba jari: darasi daga karar Potiskum

A ofisoshin gwamnatin tarayya da ke Abuja, ba a rasa matashin ma'aikaci da ke lissafin ranar da zai ajiye aiki ya koma bankin zuba jari a Legas. Albashin can ya ninka na gwamnati, babu musu. Sai dai kafin ya rubuta takardar murabus, ya kamata ya leƙa karar Potiskum a Jihar Yobe ranar Laraba.

A wannan kasuwa, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, dillali ne ke haɗa mai saniya da mai kuɗi, ya karɓi la'adarsa. Aikin ma'aikacin bankin zuba jari ke nan: haɗa mai neman jari da mai jari. Dillalin da ya daɗe a kara kuwa, sanin dabba da riƙon amana ne suka zaunar da shi.

La'adar banki tana da tsada ga lafiya. A 2021, wasu ƙananan ma'aikatan Goldman Sachs na Amurka sun koka cewa suna aikin sa'o'i fiye da 90 a mako. Kujerar ma ba ta da tabbas. Garambawul ɗin 2005 ya mayar da bankunan Najeriya 89 zuwa 25, rikicin 2009 kuma ya raba ɗimbin ma'aikata da aikinsu. A Maris 2024 Babban Bankin Najeriya ya sake ɗaga mafi ƙarancin jari, har naira biliyan 500 ga bankunan da ke hulɗa da ƙasashen waje. Irin wannan umarni yakan kawo wa masu tara jari ciniki mai yawa, amma cinikin na kaka ne.

Abin da ke ɗorewa shi ne sanin wani fanni ciki da bai. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, an zuba shi ne a hanyoyi, ciki har da hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta ratsa Potiskum. An kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024. Amma har yau tireloli na lodin shanu da ransu zuwa kudu, alhali mahauta ta zamani da motocin sanyi na jiran mai tsara musu jari.

Ma'aikacin da ya ƙware a dokar kasafi, bashin gwamnati ko tsarin kuɗi marar ruwa, yana riƙe da hajar da bankuna ke nema. Ya fara zurfafa wannan ilimi a inda yake, ya nemi shaidar ƙwarewa, sannan ya yi cinikin kujera. Wanda ya tafi don albashi kaɗai, shi ake fara sallama idan kasuwa ta faɗi.