Tsakanin Riwaya da Diraya

Wani ƙanena, wanda ya shekara biyar yana aikin tace bayanai da alƙaluma a wani kamfani har ya yi mota ya kama gida, ya same ni ran nan bayan la'asar yana neman shawara, wai zai ajiye aiki ya tafi neman digiri na uku, wato digirin digirgir, a ilmin kwamfuta. Ban hana shi ba, ban kuma yi gaggawar sa masa albarka ba, domin na lura yana zaton abin da zai tarar can ƙarin abin da ya saba ne, alhali kuwa hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Na sha zama kusa da shi yana aiki. Ga jadawalin ciniki mai dubban layuka, an rubuta kwanan wata iri uku, wasu gurabun fayau, gari ɗaya nan Zaria can Zariya. Sai ya kwana biyu yana share wannan ƙazanta, ya kira manhajar da wasu suka riga suka rubuta da Python, ta fitar da hasashe, ya miƙa wa manaja kafin Juma'a. Sana'a ce mai daraja. Amma tambayar wani ne ya ba shi, kayan aikin kuma wani ne ya ƙera.

Malaman hadisi sun bambanta riwaya da diraya, wato ɗauko abu a isar da shi yadda yake, da kuma sanin asalinsa da illolinsa da hujjar karɓarsa. A ganina kuwa mai aikin bayanai ma'abocin riwaya ne, shi ko digiri na uku diraya yake nema, har da ƙarin sharaɗi mai nauyi, cewa sai ɗalibi ya zo da abin da ba a riga an sani ba, ya tsaya gaban malamai ya kāre shi. A nan babu manajan da zai ba ka mas'ala, babu Juma'ar da za ta raba ka da ita, kana iya shafe wata shida kan ra'ayi ɗaya sannan ka iske ɓatacce ne, ko wani ya riga ka bugawa. Lissafin da manhaja ta daɗe tana ɓoye maka kuma sai ka koma masa da alƙalami, tun daga aljabara, wadda sunanta ya fito daga littafin al-Khwarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9, mutumin da kalmar algoridim ma daga sunansa take.

Batun lokaci da guzuri a bayyane yake: a Ingila shekara uku zuwa huɗu, a Amurka biyar zuwa shida, bisa alawus ɗin da bai kama ƙafar albashin kamfani ba. Wanda niyyarsa a kira shi Dakta a wurin ɗaurin aure, to, ya saya da tsada. Sakamakon ma ba ya zuwa da wuri, ga Geoffrey Hinton nan, wanda ya gama nasa a Edinbura a 1978 kan fannin da akasarin masana suka daɗe suna yi wa kallon ɓata lokaci, bai ga duniya ta sallama masa ba sai a 2012, sa'ad da shi da ɗalibansa biyu a Toronto suka yi zarra a gasar gane hotuna, kyautar Nobel kuwa sai 2024.

Duk da haka ina ganin wanda ya fito daga aiki ya fi sabon ɗalibi guzuri ta fuska guda, domin ya san inda kayan aikin ke karyewa, kuma a irin wannan tsaga mas'ala ta ƙwarai take kwana. Da ita ake zaɓen malami, don malamin da zai duba kundinka ya fi sunan jami'a muhimmanci, kamar yadda magabata ke tafiya takanas wajen shaihin da ya ƙware a littafi guda.

Saboda haka da ya zaro mini jerin jami'o'i, sai na ture takardar na ce, "Wace mas'ala ce ta taɓa hana ka barci?" Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Yaya, manhajar da ke rarraba koke-koken abokan ciniki rikicewa take in saƙon da Hausa ne, don mutane ba sa sa lanƙwasa, ba ta raba ƙasa da kasa." Na ce ya je ya rubuto wannan a shafi biyu, da sunayen waɗanda suka riga shi taɓa batun, sannan mu dubi jerin nasa.