Mu Duba Taya Kafin Ruwa Ya Sauka

Hadari ya soma haɗuwa a gabas, damina ta kusa. In za a yi tafiya da iyali, maigida ya kan duba mai da ruwan inji. Taya kuwa sai ya ɗan shure ta da ƙafa ya ce, "Da iskarta." Amma uwargida da yara da kaya duka a kan tayoyin nan 4 su ke, kowace kuwa wurin da ta ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba.

Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne. Ta cikin ramukansa ruwan sama ya ke bi ya fita, domin robar ta kama kwalta. Sa'ad da zanen ya cinye, ruwa ya kan shiga tsakanin taya da hanya. A taka birki, mota ta yi ta sulɓi, sitiyari ma ya ƙi jin magana. Zurfin zanen sabuwar taya wajen milimita 8 ne. A Ingila doka ta hana hawa hanya da wadda zanenta ya gaza milimita 1.6, wato bai kai kaurin tsinken ashana ba. Ba sai mun auna ba, gama masu ƙera taya sun sa 'yan tudu a cikin ramukan. Mu durƙusa mu nemo su. In sun yi daidai da fuskar taya, aikinta ya ƙare. A ganinmu, da damina kada ma a jira ta kai nan.

Yadda ta cinye kuma yana faɗa mana laifinmu. In tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, iska ta kasa. In gefe ɗaya ne kaɗai, a kai wa makaniki ya daidaita ƙafafun motar, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta yi.

Saura shekaru, nan ne mu ma muka taɓa ƙonewa. Mun sayi 'yar gwanjo mai kyan zane, muna murnar araha, ba ta yi wata 2 ba ta fashe mana a hanya, da yara a baya. Mai faci ne ya nuna mana lambobi 4 a gefenta, bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 shi ne mako na 23 na 2019. Tamu ta haura shekara 10. Kamfanin Michelin yana ba da shawara a riƙa kai taya a duba kowace shekara in ta yi shekara 5 tana aiki, in ta cika 10 kuwa a sauke ta ko da zanenta. Wadda ta kumbura ko ta tsattsage a gefe ba a jira mata kome. A buɗe but a karanta lambar safaya ita ma.